Lissafin da Bai Isa Tabanni ba: Shaihu Umar da Cinikin Nijeriya da Ƙasar Sin

Gabatarwa

Mafi yawan masu nazarin littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa sun fi karkata ga jigogi biyu, wato haƙuri da ƙaddara a gefe guda, da muguntar bauta a ɗaya gefen. Dukansu suna nan cikin littafin, kuma an yi musu hidima gwargwado tun daga lokacin da ya fito cikin littattafan da gasar 1933 ta Hukumar Fassara ta Zariya ta haifar. Sai dai akwai fuska ta uku da ba a cika tsayawa a kanta ba. Shaihu Umar littafin fatauci ne, kuma ya bambanta da sauran labaran fatauci domin an ba da shi ta bakin wanda shi kansa aka taɓa ɗauka cikin haja. Wannan maƙala za ta bi wannan fuska, ta gwada ta da cinikin da ke gudana a yau tsakanin Nijeriya da ƙasar Sin kamar yadda ake jin sa a ƙasar Birnin Gwari, sannan ta nuna inda littafin ya ga gaskiya da inda ya sassauta mata. Ba manufarta ba ce ta daidaita cinikin mutane da cinikin katako ko zinari, don tsakaninsu akwai tazarar da babu ma'aunin da zai cike. Abin da ake nema shi ne hanyar kallo, wato daga wace kusurwa ya kamata a tsaya idan za a auna ciniki tsakanin mai ƙarfi da mai rauni.

Hannu zuwa hannu

Labarin ya faro ne daga garin da littafin ya kira Kagara. Sarkin garin ya tashi barade su kai hari ƙasar Gwari, cikinsu har da Makau, mijin mahaifiyar Umar. Suka auka wa manoma a gonakinsu, suka kamo waɗanda suka iya kamowa. Da aka dawo gida sai rigima ta tashi a fada, maƙiya suka shirya wa Makau makirci cewa ya ɓoye wa sarki wasu daga cikin bayin da ya kamo. A kan haka aka kore shi, iyalinsa suka watse, aka sace Umar yana yaro, ya bi hannu zuwa hannu har Kano, daga nan Balarabe Abdulkarim ya tsallaka da shi hamada. Mahaifiyarsa ta bi sawu tana nemansa, ita ma aka mayar da ita baiwa, ba su sadu ba sai a ƙarshen rayuwarta.

Abin lura na farko shi ne, babbar rigimar da ta buɗe littafin rigimar lissafi ce. Fadawa suna gardama a kan nawa aka kamo, nawa aka kai wa sarki, nawa suka salwanta a hanya. Babu wanda ya tambayi me ya sami gonar da aka bari ba a gama nomewa ba, ko wa zai ciyar da waɗanda suka tsira cikin daji. Manoman ƙasar Gwari ba su da suna a littafin, ba su da magana, sun shigo ne a matsayin adadi kuma a haka suka fita. Ko Ɓalewa ya yi haka da gangan ko kuwa zamaninsa ne ya rinjaye shi, sakamakon ɗaya ne. Mai karatu yana ganin yadda littafin lissafin fada yake farawa daga ƙofar gari, alhali asarar ta faru tun a gona.

Abu na biyu shi ne tsawon sarƙar. Tsakanin manomin da aka kama da gidan da zai ƙare a cikinsa a arewacin hamada akwai barde, akwai sarki, akwai ɓarawon yara, akwai dillali, akwai madugu. Kowannensu yana cin rabonsa, kuma rabon yana ƙaruwa gwargwadon nisan mutum daga inda aka ɗauko hajar. Na kusa da daji shi ya fi shan wahala, shi ya fi fuskantar kibiya, kuma shi ya fi samun kaɗan. Wannan tsari shi ne ƙashin bayan littafin, kuma shi ne ya rayu bayan an rufe kasuwannin bayi.

Daga ayari zuwa jirgin ƙasa

A lokacin da labarin ke kwatantawa, ƙasar Hausa ba ɗanyen kaya kaɗai take fitarwa ba. Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya shaida cewa tufafin da aka saƙa aka rina a Kano suna kaiwa har Tumbutu da Murzuk da Tarabulus. Amma kafin ƙarni na 19 ya ƙare, ayarin da ke dawowa daga Tarabulus ya riga ya cika da yadin masaƙun Manchester ta Ingila, yana komawa da hauren giwa da gashin jimina da jemammiyar fata. Ke nan tun kafin Turawa su ci ƙasar da yaƙi, injin masaƙa ya riga ya fara gasa da masaƙin gargajiya a cikin kasuwarsa.

Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 sai hanya ta juya daga hamada zuwa teku, amma tsarin bai juya ba. Turawan Ingila auduga suke so domin masaƙunsu, manoma suka fi karkata ga gyaɗa domin ta fi kawo kuɗi kuma ana iya cin ta idan shekara ta ɓaci. Dalar gyaɗa ta tashi a Kano, ta zama abin alfahari da ake sawa a hoto, alhali ita kanta shaida ce ta kayan da ke jiran a kwashe su ɗanye. Ƙasar Birnin Gwari ma ta shiga wannan lissafi ta wata ƙofar. A shekarun 1930 tana cikin wuraren da aka haƙi zinari a Arewa, tare da yankin Minna da wasu sassan Zamfara. Zinarin ya tafi. Ramukan suka saura, su ne kuma jikokin ma'aikatan wancan lokaci suka koma suna tonawa da diga da shebur.

An yi yunƙurin karya wannan tsari. A 1957, shekarar da Ɓalewa ya zama Firayim Minista, aka buɗe masaƙar KTL a Kaduna da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila. Wasu suka biyo baya, ciki har da Arewa Textiles da UNTL, wadda wani attajiri Basine daga Hong Kong, Cha Chi Ming, ya kafa a 1964. Na ɗan wani lokaci audugar Funtuwa da Zariya tana zama atamfa a Kakuri, kuma ɗan manomi daga ƙauye yana iya samun albashi a Kaduna ba tare da ya bar Arewa ba. Ya dace a riƙe wannan misali da kyau, domin yana nuna cewa jarin baƙo yana iya gina masana'anta kamar yadda kayan baƙo suke iya rushe ta.

Cinikin yau

Nijeriya da Sin sun ƙulla hulɗar jakadanci ranar 10 ga Fabrairun 1971. A yau Sin ce ƙasar da Nijeriya ta fi sayen kaya daga gare ta. A 2023 cinikin ƙasashen biyu ya haura dala biliyan 20, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na wannan adadi kayan Sin ne da suka shigo Nijeriya. Abin da ke tafiya can mafi yawansa ɗanyen mai ne da iskar gas da ma'adinai da amfanin gona. A taruka ana kiran wannan hulɗa cin moriyar juna. A 2013 Sanusi Lamiɗo Sanusi, yana Gwamnan Babban Banki, ya yi rubutu a jaridar Financial Times yana jan hankali cewa sayen ɗanyen kaya da sayar da sarrafaffe shi ne ainihin tsarin da mulkin mallaka ya ginu a kai, ko da wanda ke yin sa a yau ba Bature ba ne.

Masaƙun Kaduna su ne suka fara ɗanɗana wannan. Nijeriya ta ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, sannan a farkon 2005 aka kawo ƙarshen tsarin ƙayyade yawan tufafin da ƙasashe ke fitarwa. A cikin gida kuma ga rashin wutar lantarki, ga tsadar baƙin mai, ga fasa-ƙwauri ta iyakokin Nijar da Binin. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi baya a 2007. Kantin Kwari ta Kano ta cika da atamfa da shadda na Sin, wasu ma ɗauke da zanen da aka kwaikwayo daga na gida.

Wanda ya shiga kasuwar ƙauye a Tabanni ko Dogon Dawa ko Kuyello zai ga ƙarshen wannan sarƙa da idonsa. Wayar hannu, fitila mai caji, farantin sola, injin ban-ruwa, maganin feshin ciyawa, takalmin roba, zanen amarya, kusan duk daga waje suke, kuma mafi rinjayensu daga Sin. Abin da ƙauyen ke bayarwa kuwa masara ce da dawa da shanu da itace da gawayi da abin da aka tono daga ƙasa. Babu ɗaya daga cikinsu da ke barin garin a sarrafe.

Madobiya da zinari

Babu misalin da ya fi fito da tsawon sarƙar kamar na madobiya. Itace ne da ke fitowa a irin dajin da ya shimfiɗu daga Kamuku zuwa tsakiyar Nijeriya, makiyaya suna sassabe ganyensa su ba dabbobi da rani, masassaƙa kuma sun san ƙwarinsa. A ƙasar Sin ana ƙera kujeru da gadaje na alfarma da irin wannan jan katako, kuma da na kudu maso gabashin Asiya ya yi ƙaranci sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka ta Yamma. Sarar ta fi tsanani a jihohi irin su Taraba da Kogi, inda mutane suka laƙa wa itacen suna Madrid. A 2016 taron ƙasashen da suka sa hannu kan yarjejeniyar kare tsirrai da namun daji, wadda ake kira CITES, ya sa madobiya cikin jerin itatuwan da ba a fitar da su sai da takardar izini. A 2017 ƙungiyar bincike ta EIA ta wallafa rahoton da ya yi zargin cewa gumagumai kusan miliyan 1.4, masu darajar kimanin dala miliyan 300, sun shiga Sin da takardun da aka sa wa hannu bayan kayan sun riga sun bar Nijeriya. A 2018 aka dakatar da cinikin madobiya daga Nijeriya.

Duba yadda rigimar ta kasance. Gardamar duka a kan takardu aka yi ta, guda nawa aka sa wa hannu, yaushe, kwantena nawa aka tsare a tashar jiragen ruwa. Daidai take da gardamar fadawan Kagara a kan bayin Makau. Mai zarto da ya sare itacen da ya shekara hamsin yana girma a kan kuɗin cefanen mako guda, da makiyayin da ya rasa abincin rani, da rafin da ya ƙafe bayan inuwa ta gushe, duk ba su shiga kowane shafi na lissafin ba.

Haka zancen zinari yake. A 2010 gubar dalma da ke cikin duwatsun zinari ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. A 2015 ta sake kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, wadda Kagara ta yau ce hedikwatarta, maƙwabciyar Birnin Gwari. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara, ta umarci baƙi su bar wuraren haƙa, bisa hujjar cewa akwai alaƙa tsakanin haƙar da ta'addancin 'yan bindiga. Zinarin da ake tonowa da hannu yawanci ta ɓarauniyar hanya yake fita, babbar matattararsa kuma Dubai ce. Saboda haka ba ya bayyana a ƙididdigar kwastan ta Nijeriya. Idan aka ce ciniki ya kai biliyan kaza, abin da ya bi ta ƙofa kawai aka ƙirga.

Farashin da bai shiga lissafi ba kuwa mutanen Birnin Gwari sun biya shi ta wata hanya. A 2021 gwamnatin Jihar Kaduna, don ta toshe wa 'yan bindiga hanyoyin samu, ta dakatar da kasuwannin mako-mako a yankin, ta hana sarar itace da safarar gawayi, ta taƙaita hawa babur, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. Wato babur da waya, kayan da ciniki da waje ya sauƙaƙa wa talaka, su ne suka zama makamin ɗan bindiga, su ne kuma aka fara raba talaka da su. Sai a Nuwamban 2024 aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe. Ba Sin ce ta kawo ta'addanci dajin ba, kuma duk wanda ya faɗi haka ya yi son kai. Amma dajin da dukiyarsa ke fita ba tare da hukuma ta sani ba, daji ne da mai bindiga zai zama sarkin kasuwarsa.

Raunin littafin

A nan ne ya kamata a juyo a tuhumi Shaihu Umar kansa. Abdulkarim mutumin kirki ne. Ya riƙi Umar kamar ɗan cikinsa, ya sa shi a karatu har ya zama malamin da ake zuwa ɗaukar ilmi wurinsa. Mai karatu yana rufe littafin da ƙaunar wannan Balarabe, har ya kusa mancewa cewa fataucin bayi ne ya kawo shi Kano. Kirkin mutum ɗaya ya zama mayafin da ya lulluɓe sana'ar gaba ɗaya. Umar, wanda ke ba da labarin, yana jingina duk abin da ya same shi ga ƙaddara, kuma bai taɓa tsayawa ya tambayi dalilin da ya sa ayari ke tafiya da mutane ya dawo da yadi ba. Ɓalewa yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya rubuta littafin, ƙarƙashin hukumar da Turawa ke jagoranta, don haka ana iya yi masa uzuri. Amma uzuri ba ya kawar da rauni.

Irin wannan rauni ne ke cikin yadda ake zancen Sin a yau. Ana nuna layin dogo na Abuja zuwa Kaduna, wanda kamfanin CCECC ya gina da rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na Sin, aka buɗe shi a Yulin 2016. Ana nuna yarjejeniyar musayar naira da yuwan ta 2018. Ana nuna arhar kaya. Duk waɗannan gaskiya ne, kamar yadda kirkin Abdulkarim gaskiya ne. Matar da a da take kwana cikin hayaƙin aci-balbal, yau tana da fitilar sola, ba za a ce mata ba ta ƙaru ba. Amma amfanin da mutum ya samu a matsayin mai saye ba ya biyan abin da ya rasa a matsayin mai sana'a. Arhar atamfa tana da daɗi ga wanda ke da kuɗin saye, ga tsohon ma'aikacin Kakuri kuwa ita ce takardar sallamarsa.

Duk da haka littafin ya tsere wa wani kuskuren da mu muke yawan faɗawa ciki, wato ɗora wa baƙo laifi duka. Ba Abdulkarim ne ya kai hari ƙasar Gwari ba. Sarkin Kagara ne ya ba da umarni, baradensa ne suka hau, 'yan gida ne suka saci yaro suka sayar. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya sa hannu a takardar fitar da madobiya ɗan ƙasa ne. Wanda ya buɗe iyaka da dare ɗan ƙasa ne. Ɗan kasuwar da ya ɗauki samfurin atamfa zuwa Guangzhou ya ce a buga masa irinta mai arha, shi ma ɗan ƙasa ne. Sin ta kare masana'antunta lokacin da suke rarrafe, ta ba su wuta da hanya da rance mai sauƙi. Ta yi abin da ya amfane ta, kuma tambayar da ta rage tamu ce.

Kammalawa

Akwai alamun an fara jin wannan tambaya. A Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida, da niyyar a riƙa sarrafa man a gida. Niyyar mai kyau ce, amma ita ma sai an auna ta da ma'aunin Shaihu Umar. Idan aka rufe ƙofar fita kafin a gina injin matsa a kusa, farashi zai faɗi a hannun matar da ke tsintar kaɗanya a daji, ribar kuma ta koma ga mai masana'anta a birni. Sarƙar tana nan, hannu ɗaya kawai aka sauya. Duk wata yarjejeniya ko doka ta ciniki, abin tambaya a kanta shi ne me ya rage a wurin da aka ɗauko kayan.

Ga marubuta kuma akwai bashin da ba a biya ba. Adabin Hausa na zamani ya yi rubutu mai yawa a kan soyayya da zaman aure da siyasa, a 'yan shekarun nan kuma a kan garkuwa da mutane. Amma labarin tattalin arzikin da ke ƙarƙashin waɗannan duka bai sami rabonsa ba. Ɓalewa ya ba yaron da aka sayar baki ya yi magana, wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne a 1933. Manoman ƙasar Gwari da aka kama a gona su ne ya bari shiru. Fiye da shekara 90 bayan haka, jikokin maƙwabtansu a Tabanni da Randagi da Kakangi suna tono zinarin da ba za su ga sarƙarsa ba, suna sayen zanen da ba audugarsu aka saƙa shi da ita ba. Marubucin da zai ɗauki ɗaya daga cikinsu, ya ba shi suna da murya, ya bi kayansa hannu zuwa hannu har inda suka ƙare, shi ne zai rubuta babin da Shaihu Umar ya tsallake.